Sunayen Sarautun Mata a Matsayin Shaidar Tarihi: Kwatanci Tsakanin Wasu Al'ummun Afirka ta Yamma

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da Hausa ga ɗaliban da ba su tashi cikinta ba, ya san akwai jimlolin da kan tsayar da aji. Ɗaya daga cikinsu ita ce: "Iyan Zazzau ya iso." Ɗalibi ya riga ya koyi cewa "iya" tana nufin uwa, idan ma Bayarabe ne, ya zo da wannan sani tun daga gida, domin haka kalmar take a harshensa. Ya kuma koyi cewa sunan da ya ƙare da wasalin "a" yawanci jinsin mace ne, mahaɗinsa "-r", wakilin sunansa kuma "ta". To, ga kalma mai nufin uwa ta ɗauki mahaɗin "-n", sannan "ya" ta biyo bayanta. Malami yakan amsa a taƙaice cewa ai sarauta ce, kuma mai riƙe da ita namiji ne. Wannan amsa ta warware matsalar nahawu, amma ta bar tambayar tarihi a buɗe: yaya aka yi namiji ya zauna a kan muƙamin da sunansa uwa?

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sunayen muƙamai na daga cikin shaidu mafi ƙarko a kan tarihin mata, musamman da yake marubuta tarihi na dauri sun fi mayar da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Za a kwatanta al'ummu masu tsarin mulki daban-daban: masarautun Hausa da Borno da Bini, daular Ashanti mai bin dangin uwa, garuruwan Yarabawa masu dogaro da kasuwa, da ƙauyukan Ibo da yawancinsu ba su san sarki ba. Abin da kwatancin zai fito da shi shi ne, kowace daga cikin waɗannan al'ummu ta ware wa mata gurbi sananne mai suna a cikin sha'anin mulki, kuma gurbin ya bi tushen da iko ke fitowa daga gare shi a wannan al'umma. Daga ƙarshe za a duba yadda waɗannan gurabe suka raunana, da kuma hattarar da ya kamata mai nazarin harshe ya yi kafin ya yanke hukunci.

2.0 Hanyar Neman Abinci da Rabon Aiki

Masana rayuwar al'umma sun daɗe suna danganta matsayin mata da yadda jama'a ke neman abinci. Richard Lee, wanda ya zauna da mafarautan San a yankin Dobe na ƙasar Botswana cikin shekarun 1960, ya auna abincinsu ya tarar kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinsa 'ya'yan itatuwa ne da saiwoyi, waɗanda mata ne suka fi tattaro su. Patricia Draper kuwa, a nazarinta na 1975, ta lura cewa waɗanda suka daina yawo daga cikinsu suka zauna a ƙauye, 'yancin matansu ya ragu. A wajen Fulani makiyaya, garke yana ƙarƙashin kulawar maigida, amma nono na mace ne: ita ke kaɗa shi, ta kai shi talla, kuɗin kuma nata ne. Wajen Buzaye, tanti mallakar mace ne, idan aure ya mutu da shi take tafiya.

Ta fuskar manoma, Ester Boserup ta kawo wani ra'ayi a 1970 wanda ya yi tasiri ƙwarai. Ta ce inda ake noma da fartanya mata sun fi shiga gona, suna da 'yancin zirga-zirga, inda kuwa ake huɗa da garmar shanu maza ke noma, mata su koma cikin gida. Wannan ra'ayi ya dace da wurare da dama, sai dai ƙasar Hausa ta saɓa masa. Bahaushe da fartanya da garmar hannu ya gaji noma, duk da haka kulle ya yaɗu har ƙauyuka. Bugu da ƙari, Jerome Barkow ya kwatanta matan Maguzawa da na Hausawa Musulmi a 1972, mutane masu harshe ɗaya da ƙasar noma ɗaya, ya tarar na farko suna noma gayaunarsu, na biyu kuwa suna sana'a a cikin gida. M. G. Smith ya ba da wani dalili na tarihi: a zamanin bauta kuyangi ke aikin gandu, saboda haka da aka hana bauta a farkon ƙarni na 20, barin gona ya zama alamar 'yanci da mutunci ga mata da yawa. Polly Hill ma ta nuna daga Batagarawa a 1969 cewa matan kulle suna gudanar da ciniki mai yawa ta hannun yara masu talla.

Abin lura a nan shi ne, kayan noma kaɗai ba su isa su bayyana matsayin mace ba. Dole a haɗa da addini, da tsarin gado, da kuma tsarin mulki. A kan wannan na ƙarshen ne sunayen muƙamai ke da abin faɗa.

3.0 Masarautu: Iko ta Hanyar Gidan Sarauta

3.1 Ƙasar Hausa

Tarihin baka na Daura ya fara ne da jerin sarakuna mata, daga Kufuru har zuwa Daurama wadda Bayajida ya aura bayan ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Laƙabin da ake ba su shi ne Magajiya. Ginin kalmar a bayyane yake: ɗafa-goshin "ma-" mai nuna mai aikatawa, da tushen aikatau "gada", da ɗafa-ƙeyar mace "-iya", inda "d" ta ganɗance ta koma "j". Ma'anarta ta asali ke nan, mace mai gado. Ko da an ɗauki labarin Bayajida a matsayin almara, tsarinsa yana ɗauke da tunanin cewa akwai lokacin da gadon mulki ya sauya hannu daga mata zuwa maza, domin daga Bawo da 'ya'yansa jerin sarakunan ya koma na maza zalla. Har yau akwai sarautar Magajiya a Daura, kuma mace ce daga gidan sarauta ke riƙe ta.

Game da Amina ta Zazzau, akwai rubutattun shaidu guda biyu da aka fi dogara da su. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta a cikin Infaƙul Maisuri. Riwayar Zazzau kuwa ta sanya ta a ƙarni na 16, ta ce 'yar Bakwa Turunku ce. Masana sun yi saɓani a kan zamaninta, amma sunanta ya zauna a bakin jama'a, domin tsofaffin ganuwoyi da yawa ana kiran su ganuwar Amina.

Sai dai sarauniya mai jan rundunar yaƙi abu ne da ba a saba gani ba. Abin da ya fi zama ruwan dare shi ne muƙamin dindindin da ake ba uwa ko 'yar'uwa ko 'yar sarki. A Kano, Tarihin Kano ya nuna irin ƙarfin da Madaki Auwa, matar Muhammadu Rumfa, ta yi a zamanin ɗanta Abdullahi da jikanta Muhammadu Kisoki. Shi wannan Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne littafin ya ce ya fara al'adar kulle. Wato ke nan, a fada guda aka sami kulle da ikon uwar sarki suna tafiya tare. A Gobir akwai Inna, a Katsina akwai Iya, kuma kowaccensu ita ce shugabar 'yan bori da mai sauraron ƙarar mata, tana da fadarta da mabiyanta.

Jihadin da aka fara a 1804 ya sauya wannan tsari, musamman saboda alaƙar muƙaman da bori. Hanya mafi sauƙi ta ganin sauyin ita ce kwatanta masarautun da suka shiga Daular Usmaniyya da zuriyar sarakunan Haɓe da suka gudu suka kafa sababbin garuruwa. A Maraɗi da Tsibiri, cikin ƙasar Nijar ta yau, Iya da Inna sun ci gaba da zama mata. A tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, inda zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka zauna, mata ne suka ci gaba da riƙe Iya da Sarauniya. A Zariya kuwa, kamar yadda Smith ya bayyana a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, sarautar Iya ta koma hannun 'ya'yan sarki maza. Amsar tambayar ɗalibinmu ke nan: sunan ya tsaya, mai shi ya sauya, nahawu kuma ya bi jinsin sabon mai shi.

Kalmar Magajiya ita kuma wata hanyar ta bi. Ba ta bar jinsin mace ba, amma darajarta ce ta zube a garuruwa da dama, har aka wayi gari idan an ce magajiya abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne shugabar mata masu zaman kansu. Kalma guda tana nufin 'yar sarauta a Daura, tana nufin wani abu daban a bariki.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa jihadi ya rufe wa mata kowace ƙofa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa malamai mata masu laƙabin jaji su shiga ƙauyuka su koyar. Jean Boyd ta nuna a 1989 cewa malfar da ake ɗora wa jaji alama ce da aka sani tun da can ga Innar Gobir. An ɗauki tsohuwar alamar shugabancin mata aka ɗora ta a kan sabon tushe, wato ilimi.

3.2 Borno da Bini

A daular Borno ta Sefawa, manyan muƙaman mata uku ne: Magira uwar Mai, Gumsu uwargidansa, da Magram 'yar'uwarsa. Suna da garuruwan da suke karɓar haraji daga gare su, kuma riwayoyin Barebari sun ce Aisa Kili ta riƙe mulki a ƙarni na 16 kafin Mai Idris Aloma ya hau gado. Abin sha'awa a nan shi ne, Borno ta musulunta tun ƙarni na 11, amma waɗannan muƙamai sun rayu ɗaruruwan shekaru bayan haka. Wannan ya nuna cewa abin da ya faru da Iya a Zariya sakamako ne na wani yanayin siyasa na musamman, ba dole ne ya faru a duk inda Musulunci ya shiga ba.

A masarautar Bini ta kudu, Oba Esigie ya ƙirƙiro sarautar Iyoba, wato uwar Oba, a farkon ƙarni na 16 domin mahaifiyarsa Idia, wadda ta taimake shi wajen samun gado da kuma yaƙin da ya yi da Igala na Idah. An gina mata fada a Uselu, bayan gari, tana da hakimanta, amma al'ada ta hana ta sake haɗa ido da ɗanta. Fuskar hauren giwa da aka yi amfani da hotonta a matsayin tambarin bikin FESTAC na 1977 a Legas, an yi imani siffar Idia ce. Tana cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897.

3.3 Ashanti

Ashanti na ƙasar Gana sun bambanta da waɗanda suka gabata, domin su ta dangin uwa suke bin nasaba da gado. A tunaninsu jini daga uwa yake fitowa, saboda haka mutum ɗan zuriyar uwarsa ne, kuma ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa. A kowane mataki na mulki akwai kujeru biyu: ta "ohene", sarki, da ta "ohemaa", wadda Turawa suka fassara da uwar sarki, alhali tana iya kasancewa 'yar'uwarsa ko innarsa. Ita ke da hakkin gabatar da wanda za a naɗa, domin ita ce masaniyar nasabar gidan, kuma tana da ikon yi wa sarki faɗa a bainar jama'a. A 1900, da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ya zauna a kai, Yaa Asantewaa, ohemaa ta garin Ejisu, ita ta jagoranci yaƙi. An kama ta aka kai ta tsibiran Seshel, inda ta rasu a 1921.

Duk da haka, bin dangin uwa bai mayar da mulkin yau da kullum hannun mata ba. Kujerar Asantehene ta maza ce. Abin da tsarin ya ba mace shi ne iko a kan ƙofar shiga sarauta.

4.0 Garuruwan Yarabawa: Iko ta Hanyar Kasuwa

Dukkan muƙaman da aka ambata a sama suna da sharaɗi guda, wato dangantaka da sarki ta jini ko ta aure. Sarautar Iyalode ta Yarabawa ba ta da wannan sharaɗi. Kalmar ta haɗu ne daga "iya", uwa, da "ode", wato waje ko filin gari, ma'anarta ke nan uwar harkokin waje da gida. Haka kuma Iyaloja tana nufin uwar kasuwa. A ƙasar Yarabawa maza suka fi yin noma, mata kuwa su ke sarrafa amfanin gona su yi fatauci, don haka kasuwa fagensu ce, kuma dukiya da yawan mabiya su ke kai mace ga muƙami.

Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, bayan rushewar tsohuwar Oyo, sun ƙara wa wannan sarauta ƙarfi, domin mayaƙa suna bukatar bindiga da albarushi da guzuri, attajirai mata kuma suna da su. Madam Tinubu, wadda aka kora daga Legas a 1856, ta koma Abekuta ta tallafa wa Egba da makamai a yaƙinsu da Dahomi, aka naɗa ta Iyalode a 1864. Efunsetan Aniwura, Iyalode ta Badun, ta mallaki gonaki da bayi masu yawa, tana ba mayaƙa makamai bashi, har saɓani ya shiga tsakaninta da Are Latosa, aka kashe ta a 1874. Labarinta ya nuna girman ikon da kuma iyakarsa: tana zaune cikin majalisar gari, amma muryar mace guda ce a tsakanin hakiman yaƙi.

5.0 Ƙauyukan Ibo: Iko ta Hanyar Ƙungiya

Yawancin ƙasar Ibo ba ta da sarakuna kafin zuwan Turawa, in ban da wurare irin su Anacha da Abo da Nri. Shawara a taron ƙauye ake yanke ta, tare da dattawan zuriya da masu laƙabi da rukunan tsararraki. A irin wannan al'umma ba a neman ikon mata a fada, a ƙungiya ake samun sa. Akwai "umuada", wato 'ya'ya mata na zuriya, waɗanda ko sun yi aure a wani gari suna da ta cewa a gidan ubansu wajen sasanta rigima da sha'anin jana'iza. Akwai kuma ƙungiyar matan da aka auro cikin ƙauye, masu taronsu da dokokinsu na kasuwa da na kare amfanin gona. Rabon amfanin gona ma a fili yake: doya ta maza ce, gwaza da rogo na mata, haka nan ƙwarar kwakwar manja ta mace ce.

Idan namiji ya ci zarafin matarsa ko ya karya dokar kasuwa, mata sukan taru a ƙofar gidansa su yi ta waƙar zambo da rawa, suna dukan bangon ɗakinsa da taɓare, har sai ya tuba. Wannan hukunci, wanda Judith Van Allen ta yi nazarinsa a 1972, ana kiran sa zama a kan namiji, kuma al'umma ta amince da shi a matsayin halattaccen horo. A yankin Asaba da Anacha kuwa, inda ake da sarki, akwai Omu, shugabar mata da kasuwa, wadda ba matar sarki ba ce kuma ba lalle ta zama 'yar'uwarsa ba. Kamene Okonjo ta kira wannan a 1976 tsarin mulki mai reshe biyu, kowane jinsi da shugabancinsa. Ifi Amadiume ma ta nuna daga garin Nnobi a 1987 cewa mace mai dukiya tana iya biyan sadakin wata mace, ta zauna a matsayin miji ta fuskar doka da gado, wato kalmar miji a can sunan matsayi ce kafin ta zama sunan jinsi.

6.0 Mulkin Mallaka da Muƙaman da Ba a Gani Ba

Turawan mulkin mallaka sun zo daga ƙasar da, ko da yake Sarauniya Biktoriya ta mulke ta har 1901, matanta ba su sami damar zaɓen 'yan majalisa ba sai 1918. Da suka tashi shimfiɗa mulki ta hannun sarakunan gargajiya, maza suka nema. R. S. Rattray ya faɗa a littafinsa na 1923 cewa ya yi shekaru a Ashanti bai fahimci girman ohemaa ba, da ya tambayi dattawa dalili, suka ce ai Bature bai taɓa tambaya ba. An sa sarakuna maza a kan albashi, an ba su kotu da 'yan doka, muƙaman mata kuwa aka bar su ba gurbi a takarda. A Anacha, tun bayan rasuwar Omu Nwagboka cikin shekarun 1880, kujerar ta zauna babu kowa.

A ƙasar Ibo, inda babu sarki, sai aka ƙirƙiro sarakunan waranti, wato mutanen da aka ba takardar izinin mulki. An ɗora wa maza haraji a 1928. A watan Nuwamba na 1929, a garin Oloko, wani manzo mai suna Mark Emeruwa da Sarki Okugo ya aika ƙidaya ya nemi wata mace, Nwanyeruwa, ta lissafa masa mutane da dabbobin gidanta. Mata suka fahimci cewa harajin zai iso kansu. Cikin 'yan makonni, dubban matan Ibo da Ibibiyo a lardunan Owerri da Kalaba suka yi wa sarakunan waranti da kotuna abin da suka saba yi wa mijin da ya yi laifi. Sojoji suka buɗe wuta a wurare irin su Opobo, aka kashe mata fiye da 50.

Sunan da aka ba wannan al'amari darasi ne ga mai nazarin harshe. Takardun gwamnati sun kira shi tarzomar Aba, su kuwa matan sun kira shi "Ogu Umunwanyi", wato yaƙin mata. Sunan farko ya cire mata daga labarin, ya kuma mayar da tsararren hukunci na gargajiya hargitsi. Irin wannan gwagwarmaya ta sake aukuwa a Abekuta, inda ƙungiyar mata ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti ta yaƙi harajin mata har Alake Ademola ya sauka daga gado a watan Janairu na 1949, kafin ya dawo a ƙarshen 1950. A Arewa, duk da fafutukar irin su Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, mata ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan a babban zaɓen 1979.

7.0 Hattara: Jinsin Nahawu Daban, Matsayin Jama'a Daban

A 1997 Oyeronke Oyewumi ta kawo hujjar cewa, tun da Yarabanci bai bambanta mace da namiji a wakilin suna ba, kuma kalmomin "egbon" da "aburo" girma da ƙanƙanta suke nunawa ban da jinsi, to tsohuwar al'ummar Oyo a kan shekaru ta ginu, Turawa ne suka shigo da rabon jinsi. Ta kuma nuna cewa kalmar "oba" ba ta da jinsi, masu fassara ne suka mayar da kowane oba namiji. Wannan gargaɗi na ƙarshe yana da amfani ga duk mai fassara jerin sarakuna.

Amma idan aka faɗaɗa hujjar, sai ta yi rauni, kamar yadda masu suka irin su Bibi Bakare-Yusuf suka nuna. Hausa ta bambanta "shi" da "ita", "kai" da "ke", "wa" da "ya", "ƙane" da "ƙanwa", duk da haka ta haifi Daurama da Amina. Barbarci da Fulatanci ba su da jinsin mace da namiji a wakilin suna, haka ma Farisanci da Turkanci, kuma babu mai cewa waɗannan al'ummu ba su san rabon aiki tsakanin maza da mata ba. Nahawu yana sauyawa a hankali cikin ɗaruruwan shekaru, ba ya bin sauyin siyasa. Sunayen muƙamai kuwa mutane ne ke ƙirƙirar su da gangan domin wani aiki, shi ya sa shaidarsu ta fi ƙarfi. Ko su ma, sai an haɗa su da tambayoyi: wa ke naɗawa, me mai muƙamin ke karɓa, wa take hukuntawa, kuma tana zama a majalisa ko ba ta zama? Suna kaɗai yana iya rayuwa bayan ikon ya mutu.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa gurbin mata a mulki ya bi tushen iko na kowace al'umma. A masarautun Hausa da Borno da Bini, inda iko ke gidan sarauta, mace ta same shi a matsayin uwa ko 'yar'uwa. A Ashanti ta riƙe ƙofar gado, a garuruwan Yarabawa dukiyar kasuwa ce ta ɗaga ta, a ƙauyukan Ibo kuma haɗin kan ƙungiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan al'ummu da mata suka mallaki maza, kuma muƙaman fada ba su shafi rayuwar kuyanga ko matar talaka ba sai kaɗan. Amma babu kuma wadda ta bar mata ba su da murya sananniya.

Aikin da ya rage wa manazarta harsunan Nijeriya shi ne tattara waɗannan sunaye, gari-gari, tare da kirarinsu da take da ayyukan da ke tattare da su, tun tsofaffin da suka san su suna raye. Masu rubuta ƙamus ma suna da nasu nauyin. Ƙamusun da ya fassara Iya da sarautar ɗan sarki kawai, ko Magajiya da ma'anarta ta bariki kawai, ya ba ɗalibi ma'anar yau, ya ɓoye masa ta jiya, alhali a Maraɗi da Daura ma'anar farko tana nan da ranta.